Cascais: yadda za ka ziyarci garin masuntan da sarakunan Fotugal suka mayar wurin hutu

Yawancin masu zuwa Lisbon rabin yini kawai suke ware wa Cascais. Su hau jirgin ƙasa da hantsi, su ɗauki hoto a bakin ruwa, su sha askirim, kafin la'asar sun koma. Babu laifi, sai dai sun je ne daidai lokacin da garin ya fi cika da mutane, rana kuma ta fi zafi. Shawarata ka kwana, ko da dare biyu ne, kuma ka zo da niyyar taka ƙasa. Tsakiyar garin ƙarama ce, lungunanta ba na mota ba ne, kuma daɗin wurin da sassafe yake da kuma bayan jama'ar rana sun watse.

Garin yana bakin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 30 yamma da Lisbon. Ana rubuta shi Cascais, amma mutanen ƙasar "Kashkaish" suke cewa, kuma haka za ka faɗa idan kana son mai sayar da tikiti ya gane ka. Tun 1364 Sarki Pedro na Ɗaya ya ba shi matsayin gari mai cin gashin kansa, ya kuma shafe ɗaruruwan shekaru yana garin masunta. A 1870 ne Sarki Luís na Ɗaya ya fara zuwa hutun ƙarshen bazara a sansanin da ke bakin ruwa. Inda sarki ya sauka kuwa nan fadawa da attajirai ke sauka, sai manyan gidaje suka fara tashi a gefen gidajen masunta. Layin dogo ya iso a 1889. Wannan haɗin gambizar, jiragen kamun kifi a gaban gidajen masu sarauta, shi ne abin da za ka je kallo.

Biza da lokacin tafiya

Fotugal tana cikin ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, don haka bizar Schengen ta ɗan gajeren zama za ka nema, wadda ke ba da damar kwana 90 cikin kowane kwana 180. Idan Fotugal ce inda za ka fi daɗewa, wurinsu za ka nema. Suna da ofishin jakadanci a Abuja. Kuɗin bizar babban mutum Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro, da shafi biyu babu komai a kai. Sai inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, shaidar masauki, ajiyar tikitin zuwa da dawowa, bayanan asusun banki, da takardar da ke nuna aikinka ko kasuwancinka. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma samun ranar ganawa kan fi haɗa takardun wahala, saboda haka ka fara da wuri. Ka kiyayi 'yan cuwa-cuwa masu buga maka takardar otal ta bogi. Ana bincikawa, kuma idan aka kama, tabon yana bin fasfonka zuwa sauran ƙasashen.

Lokaci mafi kyau a ganina shi ne daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, ko kuma Satumba. Yuli da Agusta Turai gaba ɗaya tana hutu, farashin ɗaki ya yi sama, rairayi kuma babu masaka tsinke. Daga Nuwamba zuwa Maris akwai ruwan sama da iska, amma ɗakuna sun yi araha, kuma a lokacin ne teku ke nuna ƙarfinsa. Ko a bazara ka saka rigar sanyi mara nauyi a jaka, domin da yamma iskar arewa kan taso ta ratsa riga. Takalmi kuwa mai tafin roba, don titunan an shimfiɗe su da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe waɗanda ƙafafun mutane suka goge, suna da santsi ko babu ruwa. Wanda ya fito daga Najeriya ko Ghana ya sayi adafta, domin soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne. Mutumin Nijar cajarsa za ta shiga lafiya.

Daga filin jirgi zuwa bakin ruwa

Daga Najeriya yawanci sai an yada zango, a Kasablanka ko Istanbul ko Paris ko Frankfurt. Za ka sauka a filin jirgin Humberto Delgado, wanda ke cikin birnin Lisbon. Idan kayanka da yawa ko ka iso cikin dare, ka ɗauki tasi ko motar manhaja kai tsaye ta babbar hanyar A5, tafiyar da ba ta wuce minti arba'in idan babu cunkoso.

Idan kuwa jaka ɗaya ce, bi ta jirgi. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta filin jirgin za ka sayi katin kwali mai suna navegante a na'ura, rabin Yuro ne, sai ka zuba masa kuɗi ta zaɓin da aka rubuta zapping. Da wannan kuɗin za ka biya jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin Cascais duka. Kowane mutum da katinsa, ba a haɗawa. Ka hau jan layi zuwa Alameda, ka sauya zuwa koren layi har ƙarshensa, Cais do Sodré. Hawa bene kawai za ka yi ka tarar da tashar jirgin Cascais. Kafin ka shiga ka ɗora katin a kan na'urar da ke ƙofa, domin masu duba tikiti suna zagayawa kuma tarar ba ta wasa ba ce. Kuɗin bai kai Yuro 3 ba, tafiyar kuma wajen minti 40.

Ka zauna a hagu. Ta nan za ka ga Kogin Tejo yana faɗaɗa, ka wuce Belém da hasumiyarta, ka wuce Oeiras da Carcavelos, har ruwan ya daina zama kogi ya koma teku, wani wurin ma kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi. Jakarka dai ta zauna a cinyarka, saboda layi ne na baƙi kuma 'yan sane sun san haka. Cascais ce tasha ta ƙarshe, ba ka da fargabar wucewa.

Masauki: nemi wanda za ka iya takawa daga tasha cikin minti goma zuwa sha biyar. Ɗakin da tagarsa ke kallon dandalin Largo Luís de Camões yana da kyau a hoto, amma wurin mashayu ne, hayaniya har tsakar dare. Ka ɗan haura lungunan da ke bayan tsohon gari, ko ka duba Monte Estoril, tasha ɗaya kafin Cascais. Idan da iyali kake, gidan haya mai kicin ya fi otal, zan faɗi dalili a wajen maganar abinci. Akwai ɗan harajin baƙi da ake karɓa a kan kowane dare, wani lokaci daban da kuɗin ɗaki, kada ka ɗauka cuta ce.

Rana ta farko: tsohon gari zuwa Boca do Inferno

Da sanyin safiya ake kama fara. Ka fito wajen ƙarfe bakwai da rabi, kafin jiragen Lisbon su fara sauke jama'a. Fara da Praia da Rainha, wani ɗan rairayi da ya maƙale tsakanin duwatsu, wanda Sarauniya Amélia ta riƙa wanka a cikinsa. Daga nan ka bi titin Frederico Arouca, na masu ƙafa ne zalla, har ka fita dandalin 5 de Outubro, inda aka jera duwatsun ƙasa suka yi zanen igiyar ruwa. Idan ka daɗe kana kallonsu sai ka ji kamar ƙasar na motsi. Mutum-mutumin Sarki Pedro na tsaye a tsakiya, ginin hukumar gari na gefe.

Gaban dandalin shi ne Praia da Ribeira, rairayin masunta. A nan ka ɗan dakata. Ƙananan jirage masu fenti suna lilo a ruwa, a kan gadar kuma an tara tarkunan kama dorinar ruwa da igiyoyi masu ƙarnin kifi, wani dattijo na zaune a kan akwati yana ɗinkin koma, tsuntsayen teku na ta kuka a kansa. Ka ɗaga kai kaɗan ka ga gidajen masu hannu da shuni na ƙarni na 19 sun leƙo ta sama.

Sai ka haura zuwa Cidadela, sansanin da Sarki Luís ya mayar gidan hutu. A farfajiyarsa aka fara kunna fitilun lantarki a Fotugal, a 1878. Yau wani ɓangarensa otal ne da ɗakunan masu zane, wani kuma fadar hutun shugaban ƙasa ce, kuma shiga farfajiyar kyauta ne. Bayansa akwai matsayar jiragen ruwan masu kuɗi, wadda ni dai ba ta ɗaɗa ni da ƙasa ba, wuce ta kawai.

Wurin da ya cancanci lokacinka yana ɗan gaba, inda wata 'yar gada ta ratsa wani lungun ruwa kore shar. A dama akwai gidan tarihi na Condes de Castro Guimarães, gida mai hasumiya da wani attajiri mai asalin Ayalan, Jorge O'Neill, ya gina a wajen 1900, aka mayar da shi gidan tarihi a 1931. Cikin kayansa akwai wani littafin tarihi rubutun hannu na ƙarni na 16 mai zanen Lisbon kamar yadda take kafin girgizar ƙasar 1755, wadda ta rushe Cascais ɗin ma. A hagu kuma hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Santa Marta, mai ratsin fari da shuɗi, da gidan Santa Maria a jikinta. Ana hawa hasumiyar. Bayan gidan tarihin akwai lambun Marechal Carmona, mai inuwa da kujeru, ɗawisu da zakaru na yawo abinsu. Mai yara ya huta a nan. Ka lura, gidajen tarihin garin ba sa buɗewa ranar Litinin.

Idan kana sha'awar zane, gidan adana zanen Paula Rego, wata fitacciyar mai zane 'yar Fotugal, na kusa, jan gini mai hasumiya biyu masu siffar dala, an buɗe shi a 2009. Ginin kansa abin kallo ne. Zanen matar kuwa masu nauyi ne, wasu na tayar da hankali, ban ba da shawarar shiga da ƙananan yara ba.

Daga hasumiyar Santa Marta, tafiyar kwata ce a gefen teku zuwa Boca do Inferno, wato Bakin Jahannama. Kogo ne a cikin dutse wanda rufinsa ya rufta, ruwa na shigowa ta wata ƙofa yana dukan bango. Gaskiyar magana, ranar da teku ke kwance rami ne da ruwa a ciki, kana iya cewa shi ke nan abin? Amma ranar iska, musamman lokacin sanyi, ƙarar dukan kana jin ta a ƙirjinka, feshin kuma ya tashi ya jiƙa masu kallo. Kada ka tsallake shingen don neman hoto. Igiyar ruwa ta sha ɗauke mutane a wannan gaɓar.

Abinci, da abin da ake tambaya kafin a ci

Musulmi ba zai ji yunwa a Cascais ba, domin garin kifi ne. Gasasshen sardin a kan gawayi, da gishiri kawai, shi ne abincin bazara, an fi samun mai kitse daga Yuni. Akwai robalo da dourada, manyan kifaye da ake gasawa ɗungurungum a kawo da dankali da man zaitun, akwai kuma bacalhau, busasshen kifi mai gishiri da suke dafawa ta hanyoyi barkatai. Yaji dai babu. Ka nemi piri-piri, ko ka taho da yajinka a ƙaramar kwalba.

Inda ake faɗawa shi ne alade yana ɓuya a wuraren da ba ka zata ba. Miyar ganye caldo verde ana jefa mata yankan chouriço, tsiran alade ne. Bifana burodi ne da naman alade. Duk inda ka ga porco, presunto, fiambre, toucinho ko banha, ka kauce. Banha man alade ne, kuma har a biskit ɗin garin mai suna areias wasu masu gashi suna sa shi maimakon man shanu. Abincin teku da aka dafa a tukunya kuma sau da yawa ana zuba masa giya. Jimloli biyu sun ishe ka: "Tem porco?", wato akwai alade, da "Sem vinho, por favor", wato ban da giya. Gasasshen kifi ya fi komai kwanciyar hankali, tunda kana ganin abin da aka ɗora a wuta.

Abu biyu game da kuɗi. Da ka zauna za a ajiye maka burodi da zaitun da cuku ba tare da ka nema ba. Ba kyautar maraba ba ce, abin da ka taɓa za ka biya, wanda ba ka so ka ce a ɗauke, ba wanda zai ji haushi. Na biyu, manyan kifaye da kilo ake sayar da su, don haka ka ce a auna a gabanka a faɗa maka kuɗin kafin a gasa. Gidajen abincin da ke da mai kira a ƙofa da hotunan abinci cikin harsuna biyar, wuce su, ka shiga lungu inda aka rubuta prato do dia a allo, abincin ranar ke nan kuma shi ya fi araha. Ana cin na rana daga sha biyu da rabi zuwa uku, na dare daga bakwai da rabi, tsakaninsu kicin da yawa a rufe suke.

Mai gidan haya ya je Mercado da Vila, kasuwar garin, da safiyar Laraba ko Asabar lokacin da manoman kewaye ke kawo kaya. Ka sayi kifi a gyara maka, ka sayi tumatir da albasa, ka koma ka yi miyarka. Naman halal kuwa ya fi samuwa a Lisbon, unguwar Martim Moniz, inda 'yan Bangladesh da Pakistan ke da mahauta da gidajen abinci. Askirim ɗin Santini, wanda aka fara sayarwa a gaɓar Estoril, garin da ke maƙwabtaka da Cascais, tun 1949, ya cancanci layin da ake yi masa.

Salla

Alƙibla tana gabas, da ɗan karkata kaɗan zuwa kudu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, sauran watanni suna baya da awa ɗaya. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, isha kuma ta kusa sha ɗaya, don haka ka gyara manhajar lokutan salla da zarar ka sauka. Buta babu a banɗakunan waje, gorar ruwa a jaka tana maganin wannan. Ranar Juma'a ka koma Cais do Sodré, ka hau koren layi tasha ɗaya zuwa Baixa-Chiado, ka sauya zuwa shuɗi har Praça de Espanha. Babban Masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa, kuma za ka tarar da 'yan Gine-Bisau da Mozambik da Senegal a sahu. Ka ba kanka awa ɗaya da rabi.

Rana ta biyu: ruwa, Estoril da Guincho

Ruwan Cascais sanyi gare shi ko a tsakiyar Agusta, da ƙyar yake kai digiri 20, shigarsa kamar wanka da ruwan randa da asubar hunturu. Ka kula da tuta: kore a yi iyo, ruwan ɗorawa a tsaya a gefe ban da iyo, ja kada a shiga sam. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya iya gwiwa, a rairayin Conceição ko Duquesa inda ruwan ke kwance. Akwai wani ɗan kifi mai ƙaya da ke binne kansa a yashi, suna ce masa peixe-aranha. Idan ka taka shi zafin kamar wuta, maganinsa tsoma ƙafar a ruwan zafi, kuma masu ceto na bakin ruwa sun san abin yi. Lambar gaggawa 112.

Gara in faɗa maka tun yanzu, shigar bakin ruwa a Turai ba irin tamu ba ce, daga hantsi zuwa yamma mutane kusan tsirara suke kwance. Wanda abin zai dame shi, ko mai tafiya da iyali, ya je kafin ƙarfe tara ko gab da faɗuwar rana. Mace mai hijabi za ta yi yawonta ba mai ce mata uffan.

Daga Conceição wata doguwar hanyar ƙafa mai suna Paredão ta bi gefen ruwa kusan kilomita 3. Rabin awa za ta kai ka rairayin Tamariz a Estoril. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Fotugal ba ta shiga ba, sai Estoril ta cika da 'yan gudun hijira masu kuɗi da 'yan leƙen asirin ɓangarorin biyu, suna cin abinci a otal ɗaya, kamar Palácio da aka buɗe a 1930. Bayan yaƙin ma sarakunan da aka tuɓe nan suka tare: Umberto na Biyu na Italiya ya zauna a Cascais, Carol na Biyu na Romaniya ya rasu a Estoril a 1953, Juan Carlos na Sifen kuma ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a nan. Babban ginin da ke saman lambun gidan caca ne, lambun ya ishe ka. Idan ƙafa ta gaji, hau jirgi tasha biyu ka koma.

Da rana ka yi hayar keke ka bi hanyar kekuna zuwa Guincho, kusan kilomita 9, teku a hagunka duk tsawon tafiyar. Zuwa ya fi wuya domin iska na gabanka, dawowa ita za ta turo ka. Guincho faffaɗan rairayi ne mai tuddan yashi, tsaunin Sintra a bayansa. Wurin masu hawan igiyar ruwa ne, ruwan yana ja da ƙarfi, kallo kawai za ka yi.

Idan akwai rana ta uku

Ka je tashar bas ta garin. Nemi bas ɗin Sintra mai bi ta Cabo da Roca, domin akwai wani mai yanke hanya. Cabo da Roca shi ne ƙarshen yammacin doron Turai, dutse mai tsayin kusan mita 140 a kan teku, da hasumiyar fitila tun 1772. Iskar wurin tana cire hula, ka riƙe taka a hannu. Minti arba'in sun isa, sai ka hau bas na gaba zuwa Sintra, inda ganuwar Castelo dos Mouros ke kan tsauni. Musulmin Andalus ne suka gina ta lokacin da suke mulkin yankin, kafin Lisbon ta fita hannunsu a 1147. Tikitin shiga fadar Pena da ke Sintra mai lokaci ne, ka saya ta intanet tun kafin ranar. Babu layin dogo kai tsaye tsakanin Sintra da Cascais, saboda haka ka duba lokacin bas na ƙarshe tun kana sauka, in ba haka ba sai ka zagaya ta Lisbon.

Ranar komawa gida, ka duba tun daren jiya ko ma'aikatan jirgin ƙasa suna yajin aiki, abin da suke rubutawa greve, don yakan faru. Idan jirginka na safe ne, ka yi odar mota tun da dare, ka kuma bar Cascais aƙalla awa huɗu kafin tashi, saboda layin duba fasfo na masu fita daga Schengen a filin jirgin Lisbon yakan yi tsawo.